Girebar Sallah: Kaka Da Jikarta A Bakin Murhu

Jawabi ga matan azuzuwan yaƙi da jahilci na Ɗanbatta da ƙauyukanta



Idan azumi ya kai kwana 25, ƙamshin gidajen Ɗanbatta yakan canza. Ana jin citta da kanumfari daga turmi, ana jin suya daga maƙwabta. Lokacin kayan Sallah ya zo ke nan: alkaki, da nakiya, da dubulan, da cincin, da gireba. Ranar Lahadin ƙarshe kafin Sallah kuwa, masu fulawa da sukari a kasuwa ba su da lokacin gaisawa.

To, amma akwai abin dubawa. A gidaje da yawa mutum ɗaya ce ta iya waɗannan abubuwa, watau tsohuwar gida. Ba ta awo, hannunta ne mudunta. Yara kuwa da sun matso sai a kore su, a ce su tashi su ba mutane wuri. Ranar da tsohuwa ta kwanta ciwo, ko Allah ya yi mata rasuwa, shi ke nan an rufe wannan babi. Sai a koma saye. Idan biki ya taso aka zo haɗa gara, sai an biya wata kuɗin aiki ban da kuɗin kaya. Yarinyar da ake kora yau, ita ce gobe za ta rasa yadda za ta haɗa wa 'yarta gara.

Saboda haka ya kamata kaka ta jawo jikarta tun tana shekara 5 ko 6. Abin da ya fi dacewa a fara da shi kuwa gireba ce. Alkaki da dubulan da cincin duk sai an jefa su cikin tafasasshen mai, wannan ba wurin yaro ba ne. Nakiya tana son daka mai ƙarfi. Gireba kuwa gasa ta ake yi, kuma yawancin aikinta nesa da wuta ake yin sa.

Gireba ba baƙuwa ba ce, ko da yake asalinta daga nesa ne. Sunanta daga Larabci ya fito, kamar alkaki da gurasa. Larabawa fatake da suka riƙa ƙetaro Sahara daga Tarabulus da Gadamus, suka zauna a birnin Kano, sun zo da irin abincinsu na alkama. Har yanzu mutanen Misira da Libiya suna yin irinta da Sallah, da suna kusan iri ɗaya.

Ga awon da zai ishi ƙaramin gida, da gwangwanin madara: fulawa gwangwani 4, sukari gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1. Sai busasshiyar citta rabin ƙaramin cokali, da kanumfari kamar ƙwaya 5, da riɗi kaɗan. Wasu ba sa sa kayan ƙamshi ko kaɗan, amma ɗan citta yana kashe nauyin mai. Kada dai a cika kanumfari, yana da ɗaci. A daka sukarin ya yi laushi kamar gari. Idan ba a daka shi ba, zai riƙa ƙasa-ƙasa a baki.

Aikin jika na farko shi ne wanke hannu da sabulu, ita da kakar duka. Daga nan a ba ta rariya ta tankaɗe fulawa, a ba ta riɗi ta tsince tsakuwa. Idonta ya fi na tsohuwa kaifi a nan. Ita ce kuma za ta riƙa ƙirga gwangwani da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kaka ta haɗa fulawa da sukari da kayan ƙamshi, ta zuba mai, ta yi ta murzawa da tafin hannu. Kwaɓin gireba ba kamar na burodi ba ne, ba ya danƙo. Kamar jiƙaƙƙen yashi yake zama. Idan an dunƙula a hannu ya tsaya, ya yi. Idan ya wargaje, a yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu, ba a tuttula ba, domin ruwa mai yawa yana sa ta tauri kamar dutse. Wannan wurin ne ba ya koyuwa da baki. Sai kaka ta kama hannun yarinya ta cusa cikin kwaɓin, ta ce, "Kin ji shi? Haka ake so." Abin da hannu ya ji yana da wuyar mantuwa.

Sa'an nan a ɗauko ƙaramin ludayi ko babban cokali. A barbaɗa riɗi a ciki, a cika da kwaɓi, a danna sosai, a kife a kan farantin ƙarfe. Na yarinya za su fito a karkace, wasu su fashe. Ba abin faɗa ba ne, a mayar cikin kwano a sake. Da ma tsakanin kaka da jika wasa ne. Tsohuwa ta ce, "Ke kishiya, da wannan karkatacciyar girebar za ki ƙwace mini miji?" Yarinya ta ce, "Kaka, ai tawa ta fi taki riɗi." Ana dariya ana koyo. Jika namiji ma kada a kore shi. Masu gasa burodi a gari ai maza ne.

Gashi ba sai da tanda ta zamani ba. A sami babbar tukunya, a zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsa biyu, a ɗora a wuta a rufe har ya yi zafi. A sa farantin a kan yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Wutar ƙasa ta zama 'yar kaɗan. Cikin kamar minti 20 zuwa 30 za ta yi. Alamarta ita ce gindinta ya yi ja-ja, samanta ya ɗan tsage. Kada a taɓa ta da zafi, za ta ruguje. Sai ta huce take ƙarfi.

Nan ne aikin yarinya ya tsaya. A shata mata layi a ƙasa, taku uku daga murhu, a ce iyakarta ke nan. Yashin nan yana riƙe zafi da daɗewa bayan an sauke tukunya, kuma ba ya nuna alama. Kada a juye shi a tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi. Haka ma tokar da aka kwashe daga murfi.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa man shanu, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko toka. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. Idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko a fuska take, ko a hannu, ko a al'aura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi Babban Asibitin Ɗanbatta ko ɗakin shan magani mafi kusa. Wani abu kuma: alkaki da nakiya da aka yi da zuma, ba a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin zuma tana iya jawo masa ciwo mai tsanani.

Kafin gireba ta huce, wadda ta iya rubutu a gidan ta ɗauko littafinta na aji. Ta rubuta awon kamar yadda kaka ta yi, da kuɗin kowane abu, da yawan girebar da aka samu. Idan na gaba alkaki za a yi, ta tsayar da hannun tsohuwa kafin ta zuba, ta auna da gwangwani, ta rubuta. Tsohuwa za ta yi mita, a ba ta haƙuri.

Gireba tana yin mako biyu ko fiye a cikin kwano mai murfi, idan ruwa bai taɓa ta ba. Waɗanda yarinya ta yi da hannunta a ware su daban. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, ita za ta kai wa kakanta namiji a zaure, ta durƙusa ta ce, "Ga girebar amarya." Tukuici kuma sai ya biya.