Jawabin Sakatare a Kan Makin Jarrabawar Shiga Sakandare

 

Maganarmu ta yau a kan maki ce. Jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, irin wadda muke da ita a nan Maiduguri, hukumar NECO ce ke shirya ta. Amma ban da cancanta, akwai kason jihohi, kuma jihar da ake dubawa ita ce ta asalin uba, ba inda aka yanke wa yaro cibiya ba. A 2013, cikin maki 200, an nemi 45 daga ɗan Borno, 60 daga ɗan Katsina, 67 daga ɗan Kano, 139 daga ɗan Anambra. Ke nan yara biyu, benci ɗaya, malami ɗaya, kowa ya ci 55, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ba mu ƙi a tallafa wa jihar da aka bari a baya ba. Amma ɗanmu da bai taɓa ganin Dala ba, rashin malami da littafin da ya sami ɗan maƙwabcinmu shi ya same shi.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. To, a lura, ɗan ƙasa aka ce. 'Yan'uwanmu da suka zo da yara daga Diffa ko Njamena, wannan sashe bai rufe su ba, shi ya sa masu hali cikinsu ke nufar makarantun kuɗi. Can kuwa kowace makaranta da jarrabawarta, da makin da ta ga dama. Yaron da ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci, a ajiye masa takardar Turanci, ko ya iya lissafi ba zai gane tambayar ba. Sai a ce ya faɗi, kuɗin fom kuma ya tafi.

Saboda haka kafin mu sayi fom, mu tambayi makin da ake nema. Bayan jarrabawa mu nemi sakamako a rubuce, darasi-darasi. In Turanci kaɗai ya kayar da yaro, mu roƙi a sake gwada shi bayan zango ɗaya. Don Allah kada kowa ya sayi takardar asali ta jabu, ranar da ta tonu yaron za a kora.

Wanda bai iya karanta fom ba, ya kawo shi ajin yaƙi da jahilci mu cike tare.