Alamar Sigma da Yadda Ake Karanta Ta



Daga cikin abubuwan da kan karya zuciyar ɗalibin lissafi a shekararsa ta farko a jami'a akwai wani harafi guda, watau Σ. Wasu da zarar sun gan shi a allo sai su sare, har ya kai su ga faɗuwa jarrabawar kalkulas, alhali kuwa abin da harafin ke nufi shi ne tarawa, wadda kowa ya koya tun yana firamare.

Sunan harafin sigma, shi ne na 18 a jerin haruffan Girka, kuma yana daidai da harafin S. Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, shi ya shigo da shi lissafi a 1755 don ya tsaya a madadin jimla. Kafin wannan, sai an zayyana kome da dogon bayani. Alkaraji, wanda ya yi zamani a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya tabbatar da cewa 1³ + 2³ har zuwa 10³ daidai yake da 55 × 55, watau 3025, amma da kalmomi ya bayyana hakan.

To, yaya ake karanta alamar? Umurni ce mai sassa uku. A ƙarƙashinta akan rubuta mafari, misali k = 1. A samanta akan rubuta maƙura, misali 4. A gabanta kuma akan sa ƙa'ida, misali k². Ma'anar ita ce, a sa 1 a gurbin k, sa'an nan 2, da 3, da 4, a tara abin da ya fito: 1 + 4 + 9 + 16, jimla 30. Wajibi ne a lura da mafari, domin idan aka tashi daga 0 zuwa 4, lambobi biyar ne za a tara, ba huɗu ba. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Amfanin alamar yana fitowa ne idan jeri ya yi tsawo. Tara 1 zuwa 100 aiki ne mai cin takarda, amma in aka haɗa na farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, sai a sami 101 har sau 50, watau 5050. Daga nan aka fitar da ƙa'idar n(n + 1)/2. Wani jerin ma ba shi da ƙarshe, kamar 1/2 + 1/4 + 1/8, ana ta tafiya, duk da haka jimlarsa 1 ce.

Dangantakarta da kalkulas kuwa, a ɗauki gonar da iyakarta ta bi lanƙwasar rafi. Mai awo zai raba ta kunya kunya, ya auna kowace, ya tara. Gwargwadon sirancin kunyoyin, gwargwadon kusantar awon ga gaskiya. Wannan tarawar ce Leibniz na Jamus ya yi wa alamar ∫ a 1675, ita ma harafin S ce aka miƙe ta.

Saboda haka, ɗalibin da ya ci karo da sigma, kada ya yi gaggawar neman ƙa'idar da ya haddace. Ya fara warware ta, ya rubuta lambobi uku na farko da na ƙarshe da hannunsa, ya ga abin da ake tarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba da sa'a, amin.