Jawabi Kan Ciwon Sanyi Na Maza

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, 'yan uwana mazauna Sabo, a gafarce ni, maganar yau tana da nauyin faɗa.

Idan namiji ya ga mugunya fara ko rawaya tana ɗiga daga gabansa, fitsari kuma yana yi masa zafi kamar barkono, to galibi ciwon sanyi ne. Jama'a, ba tsallake fitsari ke kawo shi ba. Ƙwayar cuta ce, gonoriya ko kilamidiya, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Gonoriya takan bayyana cikin kwana 2 zuwa 7.

Inda muke cutar kanmu shi ne kemis. Mutum ya sayi kafso biyu ya haɗiye, ɗigar ta ragu, ya ce ai ya warke. Ina! Gonoriyar yanzu ta fi ƙarfin fenisilin da kafso ja-da-yalo. Tana nan kwance, wata rana ta kumbura maraina ko ta tsuke hanyar fitsari. A asibiti allurar ceftriaxone ake yi sau ɗaya, a haɗa da doxycycline na kwana 7, kuma a shanye shi duka.

To, sai batun iyali, musamman ku da kuka bar su Arewa sai da Sallah ake haɗuwa. Mace takan ɗauka ba tare da wata alama ba, har ya toshe mata hanyar haihuwa, ko ya lalata idon jariri. Mai mata biyu, duka biyun za a yi wa magani, a kuma haƙura da shimfiɗa kwana 7. In tana da juna biyu a gaya wa likita, don mai ciki ba ta shan doxycycline. Ranar da kuka je, ku nemi gwajin ƙanjamau gaba ɗaya.