TAURA BIYU BA TA TAUNUWA: jawabin sashen mata bisa saƙar kayan sanyi

(Ga jawabin da sashen mata ya karanta gaban taron ƴan garinmu mazauna Yamai. Mun buga shi dukansa domin na gida da na ci-rani su ji.)



Muna gaida wakilin mai gari, da malam liman, da iyayenmu dattawa da sunka sha hanya daga gida. Muna gaida mazanmu da ƙannenmu, da ƴan ci-rani na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da na Kano da Legas waɗanda takardar nan za ta iske. Allah shi saka ma kowa da alheri.

Yau mun zo da kunya, kuma mun zo da gaskiya. Bara, a wurin nan, mu mata mun ɗauki alkawari cewa kafin ɗari shi shigo za mu aika gida da huluna da safa na jarirai, a kai gidan haihuwa, da rigunan sanyi na tsofaffi huɗu. Ƙungiya ta fidda kuɗin zare daga asusu. Ɗari ya zo ya wuce. Abin da ya hau mota bai kai rabin abin da munka faɗa ba. Kun yi kawaici ba ku tambaye mu ba, to mu za mu faɗa da bakinmu.

Da sanyi ya fita, munka taru gidan ɗaya daga cikinmu. Ba mu faɗin sunanta, don laifin namu ne duka, ita dai ta fi mu ƙarfin hali. Kowa ya san duk cikinmu babu mai hannunta. Ba sana'arta ba ce, sha'awa ce, in ta gama aikin gida bayan isha'i sai ta ɗauki tsinke. Ta jawo adakarta ta buɗe, munka ƙirga: aiki tara, babu ko guda da ya ƙare. Ga rigar sanyi mai hannu ɗaya. Ga safa ƙafa ɗaya. Ga bargon jariri da anka fara tun yana ciki, yaron kuwa yanzu yana tafiya da ƙafarsa. Ga hula ta tsaya a rabi, ga marufin tebur na kwarashi da wata amarya ta roƙa. Munka yi dariya. Sa'an nan ta ɗago wata riga ruwan ƙasa, saura wuya kaɗai. Ta baffanmu ce, wanda ya rasu cikin sanyin nan. Allah shi jiƙansa. Ba mu ce riga ke tsare ajali ba, amma ya tafi yana jiran alkawarinmu. Nan dariya ta ƙare. Kowace ta koma gida ta buɗe nata akwati, abin da ta gani bai fi wancan kyau ba.

To mi ya kawo haka? Ba ƙiwuya ba ce, hannuwanmu ba su huta ba. Mun duba, mun ga abu uku.

Na farko, farawa ta fi ƙarewa daɗi. Mace ta shiga kasuwa ta ga sabon launi, zuciya ta tashi, daren nan sai ta ɗora sabon aiki. Layin farko gudu yake. Amma kowane aiki yana da inda yake cizo: diddigen safa, haɗa hannu da jikin riga, zagayen wuya, da ɓoye bakin zare. In an kai nan sai a ce bari gobe, goben kuwa sabon zare ya shigo.

Na biyu, kunya. Gwaggo ta ce ɗiyata, hula. Maƙwabciya ta ce suna ya matso. Maigida ya ce abokinsa ya ga tasa yana son irinta. Bakinmu bai iya a'a ba, sai mu ce to, kuma don mai roƙo shi ga an kama, sai mu ɗora masa layi biyu mu aje.

Na uku, ba mu auna lokaci ba. Hular jariri, mai hannu tana gama ta dare biyu ko uku. Rigar babba kuwa aikin makonni ce ga mai saƙa da dare kaɗai. Mun ɗauki alkawari da baki, ba mu ƙirga da yatsu ba. Muna tsammanin sanyi yana nesa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayenmu maza, kada ku ce wannan zancen mata ne, ku saurari hasarar da ke cikin aikin da anka aje, don kuɗinku ne.

Zaren da muke ce ma ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da masana'anta ke yi, ana saida shi dunƙule-dunƙule, na giram 50 ko na giram 100. A masana'anta tukunya-tukunya ake rina shi, kamar yadda marina ke yi da baba. Ja na tukunyar yau da ja na tukunyar wata mai zuwa ba su zama ɗaya sak. In kin fara riga da dunƙule uku, kika ɗebi ɗaya kika kai wani aiki, ran da kika koma kasuwa za ki samu ja, amma ba janki ba. Cikin ɗaki ba a gani, a rana kuwa rigar ta rabu biyu. Shi ya sa mai kyau yake zuwa da lamba bisa takardar da ta naɗe shi. Kuma samuwarsa ba tabbas. Da yawa daga Kano yake fitowa, ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Dattawa sun tuna rufe iyaka na 1984, mu duka mun ga na 2019 da na 2023, da yadda kaya sunka yi wuya. Waɗanda sunka ga faɗuwar sefa a watan Janairu 1994 sun san abin da anka saya yau ba lalle a same shi gobe a kuɗin jiya ba.

Bayan haka, hannu yana sakewa. Yadda mace ke jan zare yau, ba haka za ta ja shi bayan wata shida ba. Idon saƙar da ya daɗe bisa tsinke yana buɗewa, in an ci gaba sai a ga layi ya fito a tsakiyar riga kamar tabo. Ga mantuwa: ido nawa na rage a hannun dama? Da tsinke mai lamba 3 na fara ko mai lamba 4? Tsinken ma an zare shi an kai wani aiki, idanu sun zube. Ga ƙura, ga ɓera. Ga kuma yaro ba ya jira: jariri lafiyayye yakan ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata biyar. Rigar suna in ta makara, sai dai a jira ƙanensa.

Sa'an nan kuɗi. A ce kowane aikin da ke kwance ya ci zaren jikka biyu. Aiki tara, jikka goma sha takwas ke nan kwance cikin adaka, ba su yi ma kowa maganin sanyi ba, ba su koma asusu ba. Da hatsi ne anka bari haka, da tuni dattawa sun kira taro.

Abin da ya fi damunmu shi ne jarirai. Kun san daren Disamba da Janairu a ƙasar Maraɗi, sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu tana shiga ta kowace kafa. Jariri kansa babba ne bisa ga jikinsa, ta nan zafi ke fita da sauri, kuma bai iya ɗumama kansa kamar babba ba. Wanda anka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, ko bakwaini, shi ya fi shiga hatsari. Likitoci suna cewa a tsane jariri nan da nan, a sa masa hula, a manna shi da ƙirjin uwa fata da fata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. Dabarar goyo a ƙirji an fara ta a wani asibiti na Bogota, ƙasar Kolombiya, a 1978, saboda kwalaben ɗumama jarirai ba su isa ba. Ita ma da hula take tafiya. Ashe ƴar hular da muke rainawa muna gudu zuwa ga marufin tebur, ita ce babban aikin. Amma mu ja kunnen masu jego: zaren roba narkewa yake in ya ji wuta, ya manne da fata. Kada a kai yaro mai irin rigar nan kusa da kaskon wuta.

Iyayenmu da sunka koyi saƙar tsinke a gidajen koyon sana'a na mata, zamanin da anka kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, sun gaya mana malama ba ta ba ka sabon zare sai kin kawo tsohon aiki. Kuma ku dattawa kun ga masaƙan garinmu. Masaƙi zare ɗaya yake ja, shi ɗaure da kunkuru, ƙoshiya ta yi ta kai da kawo har kunkuru shi iso gabansa. Ba a taɓa ganin masaƙi zaune cikin masaƙa biyu ba.

Saboda haka ga abin da munka yanke, muna so ku zama shaidu:

1. Kowace mace aiki biyu kaɗai: babba ɗaya na gida, ƙarami ɗaya na jaka. Ba a ɗora na uku sai ɗaya ya sauka.

2. Duk aikin da ke kwance za a kawo shi ran Lahadi. Wanda ya wuce rabi a ƙare shi. Wanda ba shi da mai sawa a warware shi, a jiƙa zaren a shanya a inuwa shi miƙe, a yi huluna.

3. Hulunan jarirai da safa su ne gaba, sa'an nan rigunan tsofaffi. Kayan ado sai bayan sanyi.

4. Zaren aiki guda a saye shi rana guda, lamba guda. A liƙa takarda jikin aikin: mai shi, lambar tsinke, da inda anka tsaya.

5. Mai gwanintar diddige ta yi ma mai gwanintar wuya, ita ma ta rama mata.

6. Kaya su hau mota kafin ƙarshen Oktoba, lokacin da ake ɗaurin hatsi. Ma'aji ta rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo.

Muna roƙon gwaggonninmu da mazanmu: in kun roƙa munka ce sai bayan sanyi, kada ku ɗauka raini ne. Rigar baffa kuwa mun gama wuyanta, iyalinsa sun yarda a ba ƙanensa.

Kafin mu zauna, da izinin dattawa, kalma ɗaya. Mu mun buɗe adakarmu gaban jama'a. Ƙungiya ma tana da tata. Ajin lakkwal ya kai taga ya tsaya, damina biyu tana dukan bulo. Rumbun tsimi an aza harsashi. Rijiya an sayi siminti, siminti kuwa in ya sha sanyin ƙasa dutse yake zama cikin buhu. Yanzu kuma mun ji ana zancen katangar maƙabarta. Dukansu alheri ne. Mu ƴaƴanku ne, ba mu isa mu koya muku ba. Roƙonmu dai, yau kafin a tashi a zaɓi ɗaya, a zuba masa kuɗin bana duka, a rufa shi kafin ruwa. In kun tambaye mu, aji muke so, don yara na zaune cikin zana.

In mun yi kuskure a yafe mana. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi raya jariranmu, shi maido da ƴan ci-rani gida lafiya, shi ba mu ikon cika abin da munka ɗauka.