Jawabin Yaye Wakilan Ma'aikata kan Diyyar Haɗarin Aiki, Agadas

Mai Martaba Sarkin Abzin, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Gwamna. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Ƴaƴanmu da muke yayewa yau.

Jihar nan ta san aiki mai cin jiki. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom a Arlit, ga gawayin SONICHAR a Cirozerin, ga samarinmu da suka kwarara Jado da Cibarkaten neman zinariya tun 2014. Dukiya ta fita daga ƙasar Abzin, mutane kuma sun bar lafiyarsu a cikin rami.

Doka ba ta bar su haka nan ba. Asusun kula da ma'aikata na CNSS yana nan tun 1965, kuma mai kamfani kaɗai ke zuba kuɗin haɗarin aiki, ba a yanka su daga albashi. Wanda ya ji rauni yana da haƙƙin magani, da kuɗin kwanakin jinya, da diyya idan ya nakasa. In ya rasu, matarsa da marayunsa ke karɓa. Haƙƙi ne, kada ku bari wani ya miƙa shi kamar sadaka.

Amma karaya kowa na gani. Ciwon da ƙura ta shuka a huhu sai bayan shekaru yake fitowa, mutum ya riga ya koma gida, babu mai tuna ramin da ya shiga. A 2012 wata kotu a Faransa ta ba iyalan wani Bafaranshe gaskiya, tsohon ma'aikacin kamfanin yuraniyom na COMINAK da sankarar huhu ta kashe. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce a takarda COMINAK ce ta ɗauke shi aiki, ba kamfanin Areva na Faransa da aka kai ƙara ba. Iyali ke nan masu lauya a Faransa. To ina ga ɗan kwangila na Akokan, wanda da aka rufe ramin COMINAK na Akuta a ranar 31 ga Maris 2021 ya tafi ba ko takardar likita a hannu? Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Saboda haka, ƴaƴana, aikinku ya fara tun kafin ciwo. Ku tabbatar kowane ma'aikaci yana da lambarsa ta CNSS, ya san sunan kamfanin da ke kan kwantiraginsa. Ranar da haɗari ya auku, ranar za ku tsaya sai an kai rahoto, an rubuta shaidu, likita ya sa hannu. Wanda zai bar aiki ya tafi da sakamakon gwajinsa. Masu haƙar zinariya kuwa, da yawancinsu ba su da rajista, ku je har bakin rijiyoyin ku yi musu bayani da Hausa da Tamashek.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ina roƙon Mai Martaba ya miƙa takardar shaida ta farko.