Ta Wane Faifai Za A Fara?

Duk inda masoya kiɗan progressive rock na Ingila suka haɗu, gardamarsu ɗaya ce: wane faifai za a fara sa wa sabon shiga? Wasu sun rantse sai Close to the Edge na ƙungiyar Yes, 1972. Ni dai ina ganin zalunci ne, don waƙar farko kaɗai ta haura minti 18, har shayi ya huce ba ta ƙare ba.

Ku fara da The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973. Da bugun zuciya yake buɗewa, can agoguna su ɓarke da ƙara lokaci guda, sannan ga kacau-kacau ɗin sulalla. Kiɗan ƙungiyar King Crimson kuwa, a bari sai kunne ya saba.