Wilin Ƙira da Wilin Zubi



Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ƙarfe ke ƙara ƙarfi gwargwadon dukan da ya sha, ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa wilin motar da aka ƙera, watau wanda aka danne curin alminiyum mai zafi da injin da nauyin matsinsa ya kai tan dubbai, ya fi wanda aka narka aka zuba a mazubi ƙarko da rashin nauyi, domin shi na zubi yakan ɓoye 'yan kofofin iska a cikinsa, in ya faɗa rami sai ya tsage, alhali na ƙira galibi lanƙwasa yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni irin su BBS na Jamus da Rays na Japan, mai wilin TE37 da ya fito a 1996, suke tsawwala farashin wilinsu na ƙira ninki-ba-ninki.

Amma fa abin da ke damuna shi ne algus. Akwai masu zuba wili su kwaikwayi siffar na ƙira, har su buga tambarin JWL, shaidar ingancin wili ta Japan, bisa zur, su sayar da araha; wannan ha'inci ne da shari'a ta haramta, kuma rayukan bayin Allah ake kasada da su.

Saboda haka, ya kai mai saye, ka nemi shaidar gwaji, ka ɗora wilin bisa ma'auni, kafin ka miƙa kuɗinka.